Azalu ko Zubar da Ciki? Sharhi a kan Fatawar da ke Haramta Ƙwayar Gaggawa da Tasirinta ga Matan Babban Duhu da Kewaye

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan wata fatawa da ta yaɗu a majalisun karatu da shirye-shiryen amsa tambayoyi, wadda ke cewa shan ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa bayan saduwa daidai yake da zubar da ciki, saboda haka haramun ne a mazhabar Imamu Malik. Maƙalar ta auna fatawar da littattafan da ta dogara da su, da kuma abin da likitoci suka tabbatar game da aikin ƙwayar. Ta nuna cewa hukuncin da aka naƙalto ingantacce ne, amma an ɗora shi a kan surar da ba tasa ba. Ta kuma duba abin da wannan kuskure yake jawowa ga ma'auratan da kwaroron roba ya fashe musu, da matan da 'yan bindiga suka yi wa fyaɗe a yankin Babban Duhu, inda ƙasar Safana ta haɗu da ta Batsari a Jihar Katsina.

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Akasarin tambayoyin fiƙihu suna iya jiran mai fatawa ya koma ga littattafansa. Wannan tambaya ba ta jira, domin amsarta tana da amfani ne a cikin kwana uku kacal, ko biyar idan an tsawaita. Surarta ita ce: miji da mata sun yi shawara sun yarda su jinkirta haihuwa, wataƙila don matar tana goyon jariri ɗan wata biyar kuma suna gudun kwanika, ko don an yi mata tiyata a haihuwar da ta gabata likita ya ce ta huta. Suka zaɓi kwaroron roba, sai ya fashe ko ya zame a lokacin saduwa. Shin ya halatta matar ta sha ƙwayar da ake sayarwa a kemis da sunan Postinor-2 da makamantanta?

Tambayar tana da fuska ta biyu mai nauyi a ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu. Garuruwa irin su Babban Duhu da Runka da Zakka a ƙasar Safana, da Ruma da Wagini a ƙasar Batsari, sun kwashe shekaru suna fama da 'yan bindiga, kuma fyaɗe yana cikin ta'asar da mutanen yankin suka fi jin kunyar ambata. Ƙwayar da ma'aurata ke tambaya a kanta ita ce dai wadda ma'aikatan lafiya ke bai wa matar da aka yi wa fyaɗe. Fatawar da ta haramta ta ga na farko ta haramta ta ga ta biyu. Wannan ne ya sa ya wajaba a yi mata awo na tsanaki.

2.0 Fatawar da Hujjojinta

Adalci ne a fara da kawo fatawar a bisa mafi ƙarfin siffarta. Masu ita ba su musa halaccin azalu, wato namiji ya zubar da maniyyi a waje. Sun san hadisin Jabir ɗan Abdullahi (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya nuna sahabbai suna yin azalu a zamanin saukar wahayi ba a hana su ba. Sun san Shaihu Khalil ya halatta shi a Mukhtasar da sharaɗin izinin matar da take 'ya. Da yawansu ma sun yarda kwaroron roba yana ɗaukar hukuncin azalu.

Inda suka ja layi shi ne shigar maniyyi cikin mahaifa, kuma suna da magabata a kan haka. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi (ya rasu 543H) ya kasa al'amarin ɗa gida uku: kafin samuwarsa, inda azalu ya halatta, bayan mahaifa ta damƙi maniyyi, inda ba a yarda a taɓa shi ba, da bayan busa rai, inda taɓa shi kisan kai ne. Ibnu Juzayyi (741H) ya bi wannan tsari a Al-Ƙawaninul Fiƙhiyya. Shaihu Dardir (1201H) ya bayyana a Ash-Sharhul Kabir cewa fitar da maniyyin da ya fara ƙulluwa a mahaifa bai halatta ba ko da kafin kwana arba'in, kuma Dasuƙi ya tabbatar a hashiyarsa cewa wannan shi ne abin dogaro a mazhaba. Lakhmi (478H) ne ya shahara da saɓa wa jama'a, ya halatta fitarwar kafin kwana arba'in.

Daga nan fatawar ta gina ƙiyasinta: ƙwayar gaggawa ana shan ta bayan maniyyi ya shiga, duk abin da aka yi bayan shigar maniyyi ya faɗa mataki na biyu, saboda haka ƙwayar haramun ce. Sai aka ƙara hujja ta biyu, wato toshe kafar ɓarna, da cewa samuwar irin wannan magani a kemis yana sauƙaƙa wa matasa zina.

Naƙalin nan duka sahihi ne. Matsalar tana cikin jimla ta tsakiya.

3.0 Surar Mas'alar a Wajen Likitoci

Malaman usulu sun yi ittifaƙi cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar surarsa. Shaɗibi (790H) ya yi bayani a Al-Muwafaƙat cewa akwai nau'in ijtihadi da ba ya yankewa har tashin ƙiyama, shi ne tabbatar da cewa illar hukunci tana nan a cikin abin da ake tambaya. Ya ƙara da cewa wannan nau'i yana buƙatar sanin abin kansa, kuma a nan ake komawa ga likita a kan cuta, kamar yadda ake komawa ga mai sana'a a kan aibin kaya. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai da dama a kan magani tare da kasancewarsa malamin fiƙihu.

Abin da ilimin likitanci ya tabbatar shi ne ɗaukar ciki ba ya faruwa a lokacin saduwa. Mace tana sakin ƙwai sau ɗaya a tsakanin haila da haila, kuma ƙwan ba ya wuce yini ɗaya yana da rai idan bai haɗu da ƙwayar maniyyi ba. Ƙwayoyin maniyyi kuwa suna iya rayuwa a jikin mace har kwana biyar suna jira. Idan saduwa ta faru ranar Litinin, ƙwai ya fito ranar Alhamis, to ranar Alhamis ce haɗuwar za ta auku. Haɗuwar ma ba a cikin mahaifa take faruwa ba, a bututun da ke kai ƙwai mahaifa ne. Bayan haɗuwar sai abin da ya ƙullu ya yi tafiyar kusan mako guda kafin ya maƙale a bangon mahaifa.

Sinadarin da ke cikin Postinor-2 sunansa levonorgestrel, ana shan miligiram 1.5 nasa a cikin awa 72 bayan saduwa, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon amfaninsa. Aikinsa shi ne ya hana ƙwai fitowa ko ya jinkirta shi har ƙwayoyin maniyyin da ke jira su mutu. Idan ƙwan ya riga ya fito, maganin ba ya aiki. Binciken da aka yi a Ostareliya da Chile tsakanin 2007 da 2011 ya nuna cewa matan da suka sha shi kafin fitar ƙwai ba su ɗauki ciki ba, waɗanda kuwa suka sha bayan fitarsa sun ɗauki ciki daidai da adadin da ake tsammani ga wadda ba ta sha komai ba. Da a ce yana lalata abin da ya ƙullu, da ba a ga haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kan cewa wannan ƙwaya ba ta zubar da cikin da ya shiga, kuma ba ta cutar da shi.

A nan ya kamata a yi wa masu fatawar uzuri. Shekaru da dama takardar da ke cikin kwalin irin wannan magani tana ɗauke da cewa mai yiwuwa ya hana maƙalewa a mahaifa. Zato ne da aka rubuta tun kafin a yi binciken da ya warware shi, kuma sai a watan Disamba na 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta cire wannan jimla daga takardar maganin Plan B, wanda sinadarinsa ɗaya da Postinor-2. Malamin da ya karanta tsohuwar takarda ya yi taka-tsantsan bai yi laifi ba. Haka nan mutanen Arewa suna da dalilin ɗari-ɗari da maganin da ya zo daga waje, tun daga gwajin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996. Sai dai fatawa tana sauyawa idan surar da aka gina ta a kai ta bayyana saɓanin yadda aka zata.

Wajibi ne kuma a bambanta wannan ƙwaya da magungunan zubar da ciki na haƙiƙa, wato mifepristone da misoprostol, waɗanda ke fitar da cikin da ya riga ya zauna. Jama'a suna kiran su duka ƙwaya, mai kemis ɗaya na iya ajiye su a kanta ɗaya, amma aikinsu daban ne, hukuncinsu ma daban.

4.0 Me Malamanmu Suke Nufi da Damƙar Mahaifa?

Mai fatawar na iya cewa: ni ban damu da ƙwai ba, malamai maniyyi suka ambata, kuma maniyyin yana ciki. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ana amsa ta ta fuska uku.

Fuska ta farko, aikin da suka hana shi ne fitarwa ko lalatawa. Haɗɗab (954H) ya naƙalto a Mawahibul Jalil daga Burzuli cewa abin da jumhuru suka hana shi ne fitar da ruwan da ya samu a cikin mahaifa. Ƙwayar levonorgestrel ba ta fitar da maniyyi kuma ba ta taɓa shi. Tana aiki ne a kan abin da bai riga ya fito daga jikin matar ba. Maniyyin yana ƙarewa ne kamar yadda yake ƙarewa a duk saduwar da ta faru a kwanakin da mace ba ta da ƙwai, ko da mai ciki, ko da wadda ta daina haila, kuma babu malamin da ya ɗauki wannan a matsayin ta'addanci.

Fuska ta biyu, lafazin malaman da kansa yana nuna abin da suke karewa. Dardir bai ce kowane maniyyi ba, ya siffanta shi da wanda ya fara kasancewa halitta. Damƙar da Ibnul Arabi ya ambata kuwa kalma ce ta likitancin zamaninsu, wanda suka gada daga Jalinusu da Ibnu Sina: mahaifa tana rufe bakinta a kan ruwan namiji da na mace bayan sun gauraya, daga nan halitta ta soma. A fahimtarsu garwayar tana faruwa nan take, shi ya sa ba su ga wata tazara tsakanin shigar maniyyi da ƙulluwar ciki ba. Yanzu an san akwai tazarar, kuma tana iya kai kwana biyar. Wanda ya riƙe lafazin shiga ya saki ma'anar ƙulluwa ya bi malaman a abin da suka ɗauko daga likitocin zamaninsu, ya bar su a abin da suka ɗauko daga shari'a.

Fuska ta uku, Imamu Gazali (505H), wanda yake cikin masu tsanantawa a kan zubar da ciki tun daga ranar farko, shi ne ya fi kowa fayyace iyakar. A Ihya'u Ulumid Din ya bayyana cewa ɗa ba ya samuwa daga ruwan namiji shi kaɗai, sai ya haɗu da na mace, ya kuma kamanta ruwan biyu da tayi da karɓa a cinikayya. Wanda ya yi tayi ya janye kafin a karɓa bai warware ciniki ba, domin babu cinikin tukuna. Ta'addanci yana farawa ne bayan an ƙulla. Idan aka ɗora ƙwayar gaggawa a kan wannan ma'auni, tayi ya gabata, karɓa ba ta zo ba, ƙwayar kuma karɓar ta jinkirta. Wannan babin azalu ne.

Saura abin da aka naƙalto daga Ibnul Arabi na hana shan abin da ke yanke haihuwa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta warware wannan a zamanta na biyar a Kuwait, a watan Disamba na 1988, cikin ƙuduri mai lamba 39. Ta haramta kashe ƙarfin haihuwa gaba ɗaya sai da lalura, ta hana hukuma kafa dokar ƙayyade yawan 'ya'ya, ta kuma halatta jinkirta ɗaukar ciki na wani lokaci idan akwai buƙatar da shari'a ta yarda da ita, bisa shawara da yardar ma'aurata, da sharaɗin babu cutarwa, hanyar halattacciya ce, kuma babu ta'addanci ga cikin da ya riga ya samu. Ƙudurin bai ambaci ƙwayar gaggawa da suna ba, amma sharuɗɗansa sun hau kanta: tasirinta na 'yan kwanaki ne, ba ta hana haihuwa a gaba, kuma ba ta taɓa cikin da ke akwai.

5.0 Hukuncin Ma'aurata da Sharuɗɗansa

Abin da ya bayyana shi ne matar auren da kwaroron roba ya fashe musu ya halatta ta sha levonorgestrel, kuma hukuncin shan yana bin hukuncin jinkirin da suka ƙudurta tun farko. Idan dalilinsu karɓaɓɓe ne, kamar shayarwa ko rashin lafiya, babu laifi. Idan likita amintacce ya ce ciki a wannan lokaci yana barazana ga ranta, kamar mai tsananin hawan jini ko wadda ɗinkin tiyatarta bai warke ba, shan na iya kaiwa ga abin da ake nema daga gare ta. Idan kuwa dalilin munana zato ne ga Allah a kan arziki, aibin yana cikin niyya, kuma yana nan tun kafin kwaroron ya fashe.

Sharaɗi na farko shi ne yardar juna. Malikawa sun sharɗanta izinin mace a azalu don tana da haƙƙi a haihuwa, kuma miji ma yana da irin wannan haƙƙi. Miji ba shi da ikon tilasta mata sha, ita ma ba ta sha a ɓoye alhali ta san bai yarda ba, sai fa idan cutarwa tabbatacciya ce ga lafiyarta. Amma ma'auratan da suka riga suka yarda da kwaroron roba, yardarsu ta ƙunshi abin da ke cika manufarta. Idan miji ya yi sammakon tafiya kasuwa ko ci-rani kuma ba a same shi a waya ba, ba a ce ta jira har lokaci ya ƙure.

Sharaɗi na biyu shi ne rashin cutarwa, kuma wannan yana buƙatar sanin abubuwa kaɗan da ya kamata mai fatawa ya iya faɗa wa mai tambaya. Mai shayarwa na iya shan levonorgestrel. Idan ta yi amai cikin awa biyu da sha, sai ta sake. Hailarta na iya gabata ko jinkirta kaɗan, amma idan ta wuce mako guda ba ta zo ba sai a yi gwajin ciki. Idan cikin ya shiga duk da haka, to Allah ya ƙaddara shi, kamar yadda Annabi (SAW) ya sanar da masu azalu cewa ba ya hana abin da aka rubuta, kuma daga nan alfarmarsa ta tabbata, taɓa shi ya koma ƙarƙashin haramcin da Dardir ya ambata. Ƙwayar ba a yi ta don a mayar da ita hanyar yau da kullum ba, domin sauran hanyoyin tazarar haihuwa sun fi ta tabbas. Hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi a kan jabun Postinor-2 a kasuwa, don haka karɓa daga asibiti ko amintaccen kantin magani ya fi. Sannan ba ta kare cutar da ake ɗauka ta saduwa. Idan ɗaya daga ma'auratan yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau kuma don haka suke amfani da kwaroron, wajibi ne su hanzarta zuwa asibiti, domin maganin kariya daga cutar ma a cikin awa 72 ake fara shi, a sha har kwana 28.

6.0 Inda Fatawar Take da Gaskiya

Ba duk abin da ake kira hanyar gaggawa ne ya tsira daga hujjar masu fatawar ba. Robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ake sakawa cikin kwana biyar bayan saduwa, ta fi kowace ƙwaya tabbas. Mafi yawan aikinta hana maniyyi kaiwa ga ƙwai ne, amma likitoci sun yarda cewa idan an saka ta bayan saduwa tana iya hana abin da ya ƙullu maƙalewa. Wannan ya shiga mataki na biyu na Ibnul Arabi. A bisa mashhurin mazhaba ba a halatta ta ga ma'auratan da buƙatarsu ta tazara ce kawai, sai ga mai lalura, bisa ra'ayin Lakhmi da abin da Hanbalawa suka tafi a kai na halaccin fitar da nuɗfa kafin kwana arba'in da halattaccen magani. Akwai kuma ƙwayar ulipristal mai miligiram 30, wadda ake sha har zuwa awa 120. Ita ma babban aikinta jinkirta ƙwai ne, sai dai masu bincike sun fi yin muhawara a kan tasirinta ga bangon mahaifa, don haka wanda ya samu levonorgestrel a cikin lokacinsa ya fi kusa da kuɓuta daga shubuha. Takardun wayar da kai da ke jera waɗannan hanyoyi uku a layi ɗaya kamar ba su da bambanci sun yi irin kuskuren fatawar ta ɗaya gefen.

Game da toshe kafar ɓarna, damuwar gaskiya ce, domin akwai masu sayen ƙwayar don ɓoye alfasha. Amma Ƙarafi (684H) ya bayyana a Al-Furuƙ cewa kafofi iri uku ne, kuma akwai wadda al'umma ta haɗu a kan ba a toshe ta, ya ba da misali da noman inabi, wanda ba a hana shi don tsoron giya. Zunubin mazinaci yana cikin zinarsa. Haramta magani ga matar aure da wadda aka zalunta ba ya hana mazinaci zuwa kemis, domin wanda bai ji tsoron babban zunubi ba ba fatawar ƙwaya ce za ta tsayar da shi ba. Wadda fatawar ke tsayarwa ita ce mai tsoron Allah da ta zo ta yi tambaya.

7.0 Babban Duhu da Wadda Aka Zalunta

A nan ne nauyin kuskuren yake bayyana. Hare-haren da aka kai ƙasar Batsari, irin na 'Yar Gamji a 2019 da na Tsauwa da Dankar a watan Fabrairu na 2020, an ƙirga waɗanda aka kashe a cikinsu. Matan da aka keta wa haddi a irin waɗannan hare-hare, ko a gona, ko a wajen itace, ba a ƙirga su, domin iyali sukan zaɓi rufin asiri. Ibnul Arabi ya faɗa a Ahkamul Ƙur'an cewa fashin da aka yi don keta mutuncin mata ya fi na dukiya muni, ya kuma sanya shi cikin hiraba. Imamu Malik ya tabbatar a Muwaɗɗa cewa babu uƙuba a kan wadda aka tilasta, kuma wanda ya tilasta ta zai biya sadakinta bayan haddin da ke kansa.

Sai dai ciki yana jefa wannan baiwar Allah cikin wasu hukunce-hukunce masu tsanani. Idan ba ta da aure, mazhabarmu tana ɗaukar bayyanar ciki a matsayin shaidar zina sai ta zo da alamar tilas, kamar ta zo tana neman agaji a lokacin da abin ya faru. Shari'ar Amina Lawal, wadda ta faro a kotun Bakori a 2002 ta ƙare da sallamarta a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina a watan Satumba na 2003, ba ta fyaɗe ba ce, amma ta nuna cewa wannan ƙa'ida tana aiki a kotunan jiharmu. Idan kuwa matar aure ce, sai ta yi istibra'i gwargwadon iddarta kafin mijinta ya kusance ta, kuma idan ciki ya bayyana ana danganta ɗan ga mai shimfiɗa, tare da duk abin da hakan ke haifarwa na shakka a zuciyar miji da tsegumin gari. Kiyaye nasaba yana cikin manyan manufofin shari'a. Maganin da ke hana wannan ciki ƙulluwa tun farko, ba tare da taɓa wata halitta ba, hidima yake yi wa wannan manufa. A nan ba a neman izinin kowa sai nata, ko na waliyyinta idan ƙarama ce, domin mai ruwan azzalumi ne da ba shi da wani haƙƙi.

Malamanmu na baya ma sun ji wannan nauyi. Masu hashiya sun naƙalto daga Aliyu Al-Ajhuri (1066H) cewa ya kamata a keɓance haramcin fitar da nuɗfa da wanin ruwan zina, musamman idan mace tana tsoron a kashe ta in cikin ya bayyana. Idan sun buɗe wannan ƙofa ga abin da ya riga ya ƙullu, to hana ƙulluwar ga wadda aka tilasta ya fi cancantar halacci.

Abin da ya rage shi ne lokaci. Awa 72 a birnin Katsina wadatacce ne. A ƙauyen da hanyarsa ba ta biyuwa bayan la'asar, wanda ma'aikacin asibitinsa ya yi hijira, ɗan kaɗan ne. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, aka kuma taƙaita sayar da man fetur da zirga-zirgar babura. A irin wannan hali, yini guda da iyali suka ɓata suna jayayya a kan halacci na iya zama shi ne yinin da ƙwan ya fito. Haka nan ita ma tana buƙatar maganin kariya daga ƙanjamau a cikin wannan wa'adi. Dole kuma a faɗi iyakar maganin: matar da aka yi garkuwa da ita makonni a daji, ƙwayar ba ta da amfani ga abin da ya wuce kwana biyar. Mas'alarta ta koma babin zubar da ciki da saɓanin da ke cikinsa, kuma tana buƙatar bincike nata na daban. Cakuɗa babin biyu ne ya haifar da fatawar da ake sharhi a kanta.

8.0 Kammalawa

Fatawar ta naƙalto mazhaba daidai, ta kuskure wajen tabbatar da illa. Ƙwayar levonorgestrel tana aiki kafin haɗuwar ruwa biyu, saboda haka hukuncinta na azalu ne: halal ga ma'aurata da yardar juna da dalili karɓaɓɓe, halal kuma ga wadda aka yi wa fyaɗe ba tare da jiran kowa ba. Robar mahaifa bayan saduwa tana nan a ƙarƙashin mashhurin haramci sai da lalura, magungunan zubar da ciki kuwa suna kan hukuncinsu.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi malaman zamaninsa a Nurul Albab da barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilcin hukunce-hukuncen da suka shafe su. Wannan mas'ala tana cikin irin waɗannan hukunce-hukunce. Ana shawartar kwamitocin fatawa su zauna da likitocin mata Musulmi su fitar da bayani a rubuce da Hausa da ajami. Malamai mata na makarantun Islamiyya da ungozomomi su ne matar ƙauye ke iya faɗa wa abin da ya same ta, don haka su ne ya kamata a fara koyarwa. Limaman garuruwan da ke gefen daji su sanar da iyaye cewa kai yarinyar da aka zalunta asibiti a ranar farko yana cikin rufa mata asiri. Hukumomin lafiya kuma su tabbatar da ingantaccen maganin yana nan a ƙananan asibitocin Safana da Batsari da wuraren da 'yan gudun hijira suke zaune. Ɗalibin da aka yi masa wannan tambaya ya fara da tambayar ranar da abin ya faru da sunan maganin, sannan ya yi hukunci.

Allah ne mafi sani.